Mutuwar Mulrunji a Tsibirin Palm: Tarihin Wata Doguwar Shari'a

Jama'a masu karatu, bana zan kai ku nesa ƙwarai, zuwa ƙasar Ostireliya, domin mu duba tarihin wani talaka da ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafafunsa, aka fito da gawarsa. Nisan ƙasar bai rage wa labarin nauyi ba, domin duk mai ɗa ko ƙane da ke yawo a titunan birni ya san fargabar a ce an kama wani nasa.

Tun dubban shekaru kafin Turawan Ingila su kafa zangonsu na farko a can a 1788, akwai baƙaƙen mutane 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin. Turawa suka ƙwace musu ƙasa, suka tattara da yawansu a wasu keɓaɓɓun wurare. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne Tsibirin Palm, a gaɓar jihar Queensland, kimanin kilomita 65 daga birnin Townsville. Daga 1918 gwamnati ta mai da shi wurin tura waɗanda take ganin sun yi mata taurin kai, daga ƙabilu daban-daban. A 1957 mazauna tsibirin suka yi yajin aiki saboda ƙarancin lada da wulaƙanci, aka sa wa shugabanninsu ankwa, aka kore su da iyalansu. Ke nan tsakanin mutanen tsibirin da hukuma akwai tsohon miki.

Mutuwa a hannun hukuma kuwa ta daɗe tana ci wa Aborijin tuwo a ƙwarya. A 1983 wani yaro mai shekara 16, John Pat, ya mutu a tsare a garin Roebourne, aka gurfanar da jami'ai biyar, kotu ta sallame su duka. Koke-koke suka yi yawa, har gwamnatin Bob Hawke ta kafa babbar hukumar bincike a 1987. Hukumar ta bi diddigin mutuwar mutum 99, ta miƙa rahotonta a 1991 da shawarwari 339. Abin da ta gano shi ne, yawan mutuwar ya samo asali ne daga yawan kame: ana tsare Aborijin fiye da kowa, sau da yawa a kan ƙananan laifuka irin su maye a titi. Ta ba da shawarar kada a tsare mutum sai in babu wata hanya.

Shekara 13 bayan wannan rahoto, da safiyar 19 ga Nuwamba 2004, Babban Saje Chris Hurley ya kama Cameron Doomadgee, mai shekara 36, a kan zargin ya yi zagi a titi. A al'adarsu ba a kiran mamaci da sunansa na rayuwa, don haka danginsa suka nemi a riƙa ce masa Mulrunji, kuma da wannan suna zan ci gaba. A ƙofar ofishin 'yan sanda aka yi kokawa, su biyu suka faɗi. Aka ja Mulrunji zuwa bayan kanta, kafin awa guda ta cika ya cika. Likita ya sami ƙasusuwan haƙarƙarinsa huɗu a karye, hantarsa kuma ta kusa rabewa biyu.

A nan ne aka yi kuskuren da ya lalata duk abin da ya biyo baya. Aka ba kura ajiyar nama: 'yan sanda ne suka binciki ɗan'uwansu. Hurley da kansa ya ɗauko masu binciken daga filin jirgi, cikinsu har da abokinsa, kuma a daren nan suka ci abinci a gidansa. Ba a ɗauke shi a matsayin wanda ake tuhuma ba, ba a kuma dakatar da shi daga aiki nan take ba. Ranar 26 ga wata, da aka karanta wa jama'a sakamakon binciken gawa, hankali ya tashi, aka ƙone ofishin 'yan sanda da kotu da gidan Hurley. Hukuma ta ayyana dokar ta-ɓaci, ta aiko da 'yan sanda masu rufe fuska da manyan bindigogi, suka fasa gidaje a gaban mata da yara.

Daga nan shari'a ta shiga kai-da-kawo. A watan Satumba 2006 alƙaliya mai binciken musabbabin mutuwa, Christine Clements, ta ce Hurley ne ya ji wa Mulrunji raunin da ya kashe shi. A watan Disamba babbar mai gabatar da ƙara ta jiha, Leanne Clare, ta ƙi gurfanar da shi. Jama'a suka yi ca, gwamnati ta nemi tsohon alƙalin alƙalan jihar New South Wales, Sir Laurence Street, ya sake duba takardun, ya ce akwai hujjar gurfanarwa. A gaban kotun Townsville, Hurley, wanda da farko ya ce a gefen Mulrunji ya faɗi, ya amsa cewa lallai a kansa ya faɗa, amma ba da niyya ba. A watan Yuni 2007 masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda babu Aborijin ko ɗaya cikinsu, suka wanke shi. Hausawa sun ce shari'a saɓanin hankali.

Wanda ya sha ɗauri shi ne Lex Wotton, ɗan tsibirin, da aka samu da laifin tarzoma a 2008, aka yanke masa shekara shida. Da aka sake shi a 2010, cikin sharuɗɗan har da hana shi magana da 'yan jarida sai da izini. A shekarar ce wani alƙalin, Brian Hine, ya sake binciken mutuwar. Ya ce ba zai iya tantance ko da gangan aka ji raunin ko bisa haɗari ba, amma ya tabbatar 'yan sanda sun haɗa baki don kare Hurley. Shaidar da aka gurɓata a ranar farko, babu alƙalin da zai iya tace ta bayan shekara shida.

Sai dai Wotton bai saduda ba. Shi da matarsa da mahaifiyarsa suka kai gwamnatin jiha ƙara a madadin mutanen tsibirin. A watan Disamba 2016 Mai Shari'a Debra Mortimer ta kotun tarayya ta yanke cewa 'yan sanda sun karya dokar hana wariyar launin fata ta 1975, domin da a unguwar Turawa abin ya faru, ba za su yi haka ba. A 2018 gwamnatin Queensland ta amince ta biya diyyar dalar Ostireliya miliyan 30 ga mutum 447, ta kuma nemi gafara. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma mu lura: diyyar ta wulaƙancin da aka yi wa jama'a ce, ran Mulrunji kuwa ba a hukunta kowa a kansa ba. Tun daga rahoton 1991, Aborijin da suka mutu a tsare sun haura 500, kuma ko da yake ba su kai kashi 4 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, su ne kusan sulusin fursunoninta.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, makomar irin wannan shari'a a kwanakin farko ake yanke ta: wa ya fara bincike, wane likita ya duba gawa, wa ya rubuta bayanin shaidu tun ba su watse ba. In aka bar waɗannan a hannun wanda ake zargi da abokansa, kotu za ta zo ta tarar an share sawu. Wutar da mutanen Palm suka kunna ta ja musu ɗauri, takardar ƙarar da suka bi shekara da shekaru ita ce ta sa hukuma ta sunkuyar da kai. Allah ya kiyaye mu da namu daga irin wannan rana.