Sanyin Hunturu Da Musun Ɗumamar Duniya: Abin Da Tarihin Kano Ya Faɗa

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda masu cewa data ba ta isarsu su saurara.

Shirin yau daga teburin mai shayi ya samo asali. Ranar wata Asabar bayan sallar asuba na tsaya shan shayi a Kwaciri, kowa ya duƙunƙune, wani da hular sanyi, wani ya naɗe kai da rawani kamar Buzu, hazo ya rufe gari ko ƙarshen layi ba ka gani. Sai wani matashi ya ɗaga kofinsa ya ce, "Wai ina masu cewa duniya na ɗumama? Su zo su taɓa ruwan alwala." Aka kwashe da dariya, har da ni. Wani dattijo a gefe ya ce, "Yaro, wannan ai ba sanyi ba ne. Da can sai an kwana da kaskon wuta a ɗaki." Nan musu ya kaure. Ɗaya na cewa sanyin bana ya ƙaryata Turawa, ɗaya na cewa sanyin da ya fi na yanzu. Abin da na lura shi ne, su biyun da ma'auni ɗaya suke awo, wato fatar jikinsu. To bari mu bar fata mu koma tarihi.

Mu fara da shekara 200 da suka wuce. A watan Disamba na 1823, wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka taso daga Kukawa ta Borno suka nufo Kano tare da ayarin fatake. Clapperton, wanda ya yi tafiyar da sunan Abdullahi, ya rubuta cewa wata safiya a ƙarshen watan sun tashi sun tarar ruwan da suka bari a ƙananan mazubai ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunan ruwansu kuma sun sandare. Oudney, da ma yana fama da ciwon ƙirji, bai kai Kano ba. Ya rasu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu 1824. Clapperton ya shigo Kano ranar 20 ga Janairu, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, daga nan ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Na san dattijon nan zai ce, "Ka ji ko? Da har ruwa yake daskarewa." Amma a yi adalci. Wannan ma safiya ɗaya ce, a wuri ɗaya, daga bakin mutum ɗaya. Idan safiyar Kwaciri ba ta isa ta rushe maganar ɗumamar duniya ba, safiyar Clapperton ma ba ta isa ta tabbatar da ita ba. Abin da labarin ya nuna kawai shi ne sanyin hunturu tsohon baƙo ne a ƙasar nan, kuma yana da dalilinsa.

Dalilin kuwa ga shi. Duniya a karkace take da kusan digiri 23 da rabi. Daga Disamba zuwa Janairu ɓangarenmu na arewa ne ke kauce wa rana, shi ya sa a daidai lokacin da muke rawar ɗari, mutanen Afirka ta Kudu da Ostareliya ke tsakiyar zafinsu. Abin mamaki ma, a farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana a duk shekara. A wannan lokaci iska busasshiya ke saukowa daga Sahara ta arewa maso gabas. Tunda babu danshi babu gajimare, duk zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere sama da dare, kamar ɗakin da aka yaye wa rufi. Da rana kuma ƙura ta tare wani kaso na hasken. A Kano, awon safiyar Janairu kan sauka wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka. Ɗumamar duniya ba ta miƙar da karkatar duniya ba, ba ta kuma tsayar da iskar Sahara ba. Don haka hunturu zai ci gaba da zuwa.

Ita kanta ƙurar da ke fasa mana leɓe tana da tarihi. Kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi. Wannan kwari ƙasan tafki ne a da. Wajen shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi wani makeken ruwa ne da ya mamaye wurin, farar ƙurar kuma ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu suka bushe. Kenan duk wanda ya share ƙurar hunturu daga kan babur ɗinsa, ya taɓa shaidar cewa yanayin ƙasa na iya juyewa gaba ɗaya.

Yanzu mu matso kusa. Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a 1903, kuma tun wajen 1905 ake rubuta yawan ruwan saman da ya sauka a garin. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a gefen Fagge 'yan shekaru bayan haka, cinikin gyaɗa ya buɗe. Ana cikin wannan murna sai damina ta 1913 ta ƙi. A 1914, zamanin Sarki Abbas, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kashe dubban mutane a ƙasar Hausa, har da ɓangaren da yau yake Nijar. Bayan nan an sake ganin wasu shekarun wahala, amma shekarun 1950 sun zo da ruwa sosai, dalar gyaɗa ta tsaya a Kano. Daga ƙarshen 1960 ruwa ya fara ja baya. Farin 1972 zuwa 1973 ya kashe dabbobi ba adadi, ya kwararo da mutanen Sahel zuwa garuruwa irin Kano. Na 1983 zuwa 1984 ya zo ya ɗora, har a Nijar ana kiran yunwar lokacin da sunan El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Sai kuma a watan Agusta 1988 ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta fashe.

Me ya sa na jero waɗannan? Ku duba da kyau. Wanda aka haifa a 1945 ya tashi cikin shekarun ruwa, shi a wurinsa "da" na nufin damina mai albarka. Wanda aka haifa a 1975 ya tashi cikin fari, shi kuma zai rantse maka ruwan yanzu ya fi na da. Su biyun gaskiya suke faɗa, amma kowa guntun zaren ya riƙe. Haka batun sanyi yake. Dattijon da ke tuna kaskon wuta ya yi yarinta a ɗakin ƙasa, a gari mai kududdufai da itatuwa da gonaki a bayan gida. Jikansa na kwana a ɗakin siminti da rufin kwano, a unguwar da gini ya haɗe da gini, ga kwalta ga hayaƙin janareta da adaidaita. Ko da duniya ba ta ɗumama ba, birnin da ya cika haka sai ya fi riƙe zafi da dare. Fatar mutum ba ta iya raba waɗannan dalilai.

Shi ya sa masana suka raba abu biyu da mu a Hausa muke kira da kalma ɗaya, yanayi. Akwai yanayin yau, na wannan safiyar ko wannan makon. Akwai kuma ɗabi'ar yanayin wuri, wadda ba a yanke mata hukunci sai an tara awon aƙalla shekara 30. Bahaushe ma ya san wannan ƙa'idar, shi da ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mutum mai fara'a na iya tashi da fushi ranar Talata, wannan bai mayar da shi mafaɗaci ba. Kuma awon nan ba a wata uwa duniya ake yin sa ba. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, wanda ba shi da nisa da Kwaciri, yana da tashar awon yanayi ta hukumar NiMet, ana rubuta zafi da iska da ƙura kullum, tunda jirgi ba ya tashi ko sauka sai da su. Irin waɗannan tashoshi dubbai a duniya, da na teku, da tauraron ɗan'adam, su ake haɗawa.

To me jimillar ta nuna? Tun 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin cewa ƙaruwar iskar kabon a sama za ta ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu, iskar tana wajen kashi 280 cikin miliyan. Da aka fara awonta kullum a tsaunin Mauna Loa na Hawai a 1958, tana wajen 315. Yau ta haura 420, saboda ƙona gawayin kwal da fetur da gas da sare dazuka. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye awo, da kusan digiri ɗaya da rabi sama da na ƙarshen ƙarni na 19. Digiri ɗaya da rabi kamar ba komai ba, kuma lallai bai isa ya soke hunturu ba. Safiyar da a da za ta zama 11 ta koma 12 ko 13, har yanzu sai ka nemi rigar sanyi a Kofar Wambai. Amma ɗora wannan ƙarin a kan watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura 40, sai ka ga inda matsalar take.

Kun tuna azumin 2024? Ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu. Ranar 3 ga Afrilu, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi. Masanan da suka bincika wannan zafin sun ce da ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba, da bai kai haka ba. Mu ma nan mun san yadda aka yi layin ƙanƙara gab da magariba, da yadda dare ya ƙi yin sanyi. A watan Satumba na shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa idan ruwan ya tashi sauka yakan zo da yawa a lokaci ɗaya.

Wannan musun na mai shayi ba mu kaɗai ke yin sa ba. A watan Fabrairu 2015 wani sanatan Amurka, James Inhofe, ya shiga zauren majalisa da dunƙulen dusar ƙanƙara a hannu don ya nuna wai babu ɗumama. Da shekarar ta ƙare, ita ce ta zama mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin. Haka ma hotunan dusar ƙanƙara a kan yashin Ain Sefra ta Aljeriya da ke yawo a Facebook. Gaskiya ne ta sauka a 1979 da 2016 da 2018, amma garin yana kan tudu ne kusa da duwatsun Atlas, sanyi ba baƙonsa ba ne.

Sai dai in ja kunnen ɗaya ɓangaren ma. Ba kowace masifa ce za a jingina wa sauyin yanayi ba. Lokacin da ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da shadda na miliyoyin kuɗi, 'yan kasuwa da kansu magudanan ruwa da aka toshe da gine-gine suka nuna. Kakalaba ta faru tun kafin mota ta yawaita a duniya. Fari da ambaliya tsofaffin abubuwa ne a Sahel. Abin da ɗumama ke yi shi ne ƙara musu nauyi, a kan garin da ya cike kududdufansa ya sare itatuwansa. Kason Najeriya a hayaƙin da ya jawo matsalar kaɗan ne idan aka kwatanta da Amurka da Turai da Sin, amma kwatar unguwa da bishiyar ƙofar gida a hannunmu suke.

Nan ne hatsarin wannan barkwancin yake. Wanda ya yarda sanyin Janairu ya ƙaryata komai, ba zai ga dalilin dasa darbejiya ba, ba zai damu da hasashen damina da NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara ba, ba zai tambayi ɗan takara me ya tanada wa magudanan Fagge ba. Alhali manomin Ungogo ko Minjibir da ke lissafin ranar shuka, da tsohuwar da za ta yi azumi a ɗakin kwano, su ne za su biya kuɗin kuskuren.

Don haka idan an sake tayar da musun nan a majalisarku, ku tambayi mai maganar abu biyu: a ina, kuma na shekara nawa? Idan amsar ita ce "nan, yau da safe", to labarin safiya ya ba ku, ku ƙara masa shayi. Ga kuma aikin gida: ku zauna da kakanninku ku tambaye su farin 1973 da na 1984, me aka ci, ina aka je, wace rijiya ce ta ƙafe. Ku rubuto mana abin da suka ce a ƙasan wannan rubutu, tare da sunan garin, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. A sha man kaɗanya, a kula da kaskon wuta da dare saboda gobara. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.