Ciwon Sanƙarau: Abin da Bincike Ya Gano da Amfaninsa ga Mutanen Damargu

Idan kuna zaune a Tanut ko Belbeji, ko Gangara ko Bakin Birji, kun san lokacin da ake fargabar sanƙarau. Yana somawa da hunturu, ya tsananta da bazara, ya lafa idan ruwan damina ya sauka. Likitoci da masu bincike sun daɗe suna nazarin wannan ciwo, kuma an yi wani sashe mai yawa na aikin a nan Nijar. Ga abin da suka gano, da yadda zai amfane ku.

Mene ne sanƙarau?

Akwai tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma akwai wani ruwa garai-garai a ƙarƙashinsa. Idan ƙwayar cuta ta shiga wannan ruwa, tantanin yakan kumbura. Wannan shi ne sanƙarau. Ƙwayoyin cuta dabam-dabam suna kawo shi, amma wadda ta fi haddasa annoba a ƙasashenmu ita ce wadda likitoci ke kira meningokok.

Wannan ƙwaya tana iya zama a maƙogwaron mutum yana lafiya lau, bai san yana ɗauke da ita ba. Tana wucewa ga wani ta tari da atishawa, musamman inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya. Wanda ya kamu yakan soma ciwo tsakanin kwana 2 zuwa 10. Masu bincike suna ganin busasshiyar iska da ƙura da zafi suna raunana hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanyar shiga jini.

A shekarar 1963 wani likita Bafaranshe mai suna Lapeyssonnie ya bayyana yankin Afirka da annobar ta fi yawa. Yankin ya tashi daga Senegal har Habasha, kuma Damargu na cikinsa. A annobar 1996 zuwa 1997 mutum fiye da 250,000 suka kamu a wannan yanki, kimanin 25,000 suka rasu.

Ƙwaya ɗaya, riguna da yawa

Babban abin da bincike ya gano shi ne meningokok iri-iri ce. Kowace ƙwaya tana da wani kwanso a jikinta, tamkar riga, wanda ke kare ta. Da wannan riga ake rarrabe su, an kuma sa musu sunaye da haruffa. Iri 6 ne suka fi cutar da mutane: A, B, C, W, X da Y.

Allurar rigakafi tana koya wa jiki gane rigar ne. Jikin da aka koya wa gane rigar A ba zai gane rigar C ba. Saboda haka wanda aka yi wa allurar iri ɗaya yana iya kamuwa da wani irin. Ku riƙe wannan, domin sauran bayanin a kansa ya dogara.

Yadda ake gane irin ƙwayar

Ba a gane irin ƙwayar da ido, ba a gane ta da alamun ciwo. Sai an ɗebi ɗan ruwan nan ta gadon bayan maras lafiya an auna. A da sai an raya ƙwayar a ɗakin awo kafin a san ta. To amma meningokok ba ta jure tafiya. Daga Tanut zuwa Yamai ya fi kilomita 1000, kafin ruwan ya isa ƙwayar ta mutu.

Tun shekarar 2002 cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai ta soma aiki da wata dabara da ake kira PCR. Kowane abu mai rai yana ɗauke da rubutun halittarsa a cikin jikinsa. Na'urar PCR tana ɗaukar ɗan guntu daga rubutun ƙwayar, ta yi ta kwafarsa har sau miliyoyi, har ya isa a karanta. Ko ƙwayar ta mutu a hanya, rubutun yana nan. Ta haka ruwan da aka ɗiba a asibitin ƙauye mai nisa ya zama abin da za a iya aunawa.

Da wannan awo aka ga cewa a shekarar 2006 kimanin rabin waɗanda aka tabbatar da ciwon a Nijar irin X ne ya kama su, alhali a lokacin babu allurar rigakafinsa.

Nasarar da aka samu a kan irin A

Shekaru da dama irin A ne ke kawo manyan annobai. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ɗaura aniyar samar da allurar da ƙasashen Afirka za su iya saye. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa ta, aka sa mata suna MenAfriVac, kuɗin kowace ɗaya bai kai rabin dalar Amurka ba. A watan Disamba na 2010 aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Wani bincike a Cadi ya nuna cewa a 2012 ciwon ya ragu da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar. Annobar irin A ta kau daga ƙasashen da suka karɓe ta.

Sai irin C ya bayyana

A 2013 aka ga wani sabon irin C a jihar Sakkwato ta Najeriya, a 2014 kuma a jihar Kebbi. A 2015 ya auka wa Nijar, inda aka ƙidaya mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, 573 suka rasu, akasari a Yamai da Doso. Masana sun karanta rubutun halittarsa gaba ɗaya. A 2018 suka bayyana cewa asalinsa ƙwaya ce da ke zama a maƙogwaro ba ta cika cutarwa ba, sai ta samu rubutun yin riga daga wata ƴar'uwarta, ta zama mai kisa.

Jiharmu ma ba ta tsira ba. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 an sami mutum 559 da ciwon a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Gundumar Dungas ta fi shan wahala, kuma irin C ne ya fi yawa.

Yanzu an sami allura ɗaya mai kariya daga iri 5: A, C, W, X da Y. Ana kiranta Men5CV. An gwada ta a Mali da Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2023, Najeriya da Nijar suka soma aiki da ita a 2024.

Abin da aka gano game da magani

A 2003 an gwada magunguna biyu a asibitoci 9 na Nijar lokacin annoba. Aka ga allurar seftiriyazon tana aiki daidai da tsohuwar allurar mai da aka saba yi. Ita ce babban maganin sanƙarau a yau, kuma a lokacin annoba ana yin ta kwana 5 aƙalla.

A 2017 kuma, a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, an gwada bai wa dukan mutanen ƙauye ƙwayar magani guda ɗaya da zarar ciwon ya ɓulla a cikinsu. Masu kamuwa suka ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Wannan aikin ma'aikatan lafiya ne. Kada ku sayi magani a talla da sunan rigakafi.

Me ya kamata ku yi?

Ku san alamun: zazzaɓi mai zafi na farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko jijjiga. Jariri kuwa yakan ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laushi, maɗigarsa ta kumbura.

Ku kai maras lafiya asibiti a ranar, ko da dare ne, ko kuna mashekari nesa da gari. Ciwon yana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Cikin waɗanda suka tashi, kimanin 1 cikin 5 yakan sami wata naƙasa, kamar kurmancewa. Saurin zuwa yana rage wannan haɗari.

Idan ma'aikacin lafiya ya nemi ɗibar ruwan baya, ku yarda. Ana sa allurar ƙasa da inda laka ta ƙare, ruwan da ake ɗiba kaɗan ne, jiki kuma yana mayar da shi cikin ƴan awoyi. Ba a jiran sakamakon awo kafin a soma magani. Amma da sakamakon ne hukuma ke sanin irin ƙwayar da ta shigo garinku, da allurar da za ta aiko muku.

Ku bari a kammala allurai ko da maras lafiya ya ji sauƙi. Bayan an sallame shi, ku lura da jinsa, idan kun ga canji ku koma asibiti.

Idan masu allurar rigakafi suka zo kasuwa ko rijiya ko ƙofar mai gari, ku fito da iyalinku, ko da an taɓa yi muku a 2010 ko bayanta. Ku adana katin allura, domin a jikinsa ake rubuta irin wadda aka yi muku.