Fijon Kakuri da Hanyar Tashar Yari: Waiwaye Kan Tarihin Motar Gida

Daga cikin muhawarorin da ba sa ƙarewa tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Kaduna, Kano, Abuja da Legas akwai batun mota. Wani ya ce kishin ƙasa ya wajabta wa mai hali ya sayi wadda aka haɗa a gida. Wani kuma ya ce wannan zance ya tafi da zamaninsa, tunda duniya ta zama kasuwa guda, kuma babu sauran motar da za a ce ƙasa ɗaya ce ta yi ta tun daga inji har taya. Mu mutanen Ikara, Makarfi da Kudan muna da ta cewa a nan, domin masana'antar mota mafi shahara da ƙasar nan ta taɓa mallaka a jiharmu aka kafa ta, kuma ta ƙofar gidanmu kayanta suka riƙa wucewa.

Bayan yaƙin basasa, kuɗin man fetur ya fara kwararowa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon kuwa ta ƙudiri aniyar rage dogaro da kayan waje. Sai ta ƙulla yarjejeniya da manyan kamfanonin Turai, kowanne ya zo ya kafa wurin harhaɗa motoci da haɗin gwiwar gwamnati. Volkswagen ya sauka a Legas, Peugeot na Faransa ya zo Kaduna. Kafin shekarun 1980 su yi nisa an ƙara da na manyan motoci: Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauci, Fiat a Kano. An yi wa kamfanin Peugeot na Nijeriya rajista a watan Disamba na 1972, aka buɗe masana'antarsa a Kakuri a watan Maris na 1975, lokacin ana kiran jiharmu Jihar Arewa ta Tsakiya. Bahaushe bai wahalar da harshensa ba, ya raɗa wa motar suna Fijo, sunan ya bi ta har yau.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da matasanmu da yawa ba su sani ba. A shekarun farko, sassan motar a jirgin sama ake ɗauko su daga birnin Liyon na Faransa a sauke a filin jirgin saman Kano, domin a lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, jirgi kan shafe watanni yana jiran layi. Daga Kano sai a loda akwatunan a manyan motoci a nufi Kaduna ta hanyar Zariya. Wato inji da giyar motar da ake kira ta gida sun ratsa Kwanar Ɗangora da Tashar Yari a cikin akwati, da rubutun Faransanci a jikinsu, daga baya su dawo mana a kan ƙafa huɗu da sabon fenti. Wanda ya riƙe wannan hoto a zuciyarsa ya fahimci rabin abin da ya faru daga baya.

Duk da haka, kada mu rage wa Fijo matsayinta. Ta zo a kan gaɓa. Ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata a 1975, ga bashin mota da gwamnati ke bai wa manyan ma'aikatanta, ga naira da ta fi dalar Amurka daraja. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a watan Fabrairu na 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar hukuma tun daga shugaban ƙasa har sakataren ƙaramar hukuma. A shekarar ce kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi, lokacin da Makarfi da Kudan ke ƙarƙashin Ikara. Duk wanda ya yi wayo a wancan zamani zai tuna cewa idan aka hango ƙurar 504 ta doso gari, an san ko dai jami'in gona ne, ko mai duba makarantu, ko wani ɗan gari da boko ya karɓa ya zo gaida iyaye. A farkon shekarun 1980 masana'antar Kakuri tana fitar da motoci sama da dubu 50 a shekara, dubban mutane na cin abinci a cikinta.

Amma wadda ta fi yi wa ƙauyukanmu aiki ita ce 'yar'uwarta mai buɗaɗɗen baya, akori-kura. Ita ce ta karɓi jaki a hanyoyin da jirgin ƙasan Gimi bai kai ba. Rake da mazarƙwailar Makarfi, tumatur da barkonon Ikara, dankali da albasar fadamun Kudan, buhunan masara da takin zamani, amarya da jerenta, mai naƙuda da ake gaggawar kai wa asibiti a Zariya, babu wanda ba ta ɗauka ba. Ana yi mata lodin da ya ninka abin da Bafaranshe ya rubuta, ta sunkuya, ta yi nishi, ta kai. Doguwar 504 mai kujeru layi uku ita ce ta riƙe tashoshin mota na dogon zango, daga baya J5 ta zo ta zama uwar ɗakin 'yan gwari.

Sirrin ƙaunar da aka yi mata a fili yake. Ƙasanta a ɗage yake, ba ta tsoron rami ko laka. Injinta ba shi da wani ɓoyayyen al'amari: bakanike mai sifana da guduma a gindin bishiyar darbejiya zai sauke shi da safe ya mayar kafin la'asar. Kayan gyaranta kuwa ko a kasuwar ƙauye ana samu. Wannan ita ce babbar ribar da muka ci. Da yake mota iri ɗaya ce ta cika ƙasa, ilimin gyaranta ya bazu, yaro ya koya a Tudun Wadar Zariya ko a Kakuri ya dawo gida ya buɗe gareji, shi ma ya yaye wasu. Masu walda, masu fenti, masu ɗinkin kujera da masu gyaran waya duk a inuwarta suka tashi. Yawancin tsofaffin makanikan da muke da su a yau 'ya'yan Fijo ne ko jikokinta.

To, me ya kayar da ita? Mutane kan ɗora laifin a kan motocin Beljiyam, amma kafin Beljiyam ta shigo, ginin ya riga ya tsage. Harhaɗawa daban, ƙerawa daban. Shirin da aka yi tun farko shi ne a riƙa ƙara yawan sassan da ake yi a gida shekara bayan shekara, har a wayi gari motar ta zama tamu. An ɗan taɓa: taya, batir, gilashi, kujeru da fenti an samu masu yin su a Nijeriya. Sai dai inji da giya da farantin ƙarfen jiki, waɗanda su ne tsadar mota, daga Faransa suka ci gaba da zuwa. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta da aka ɗora wa buri, wanda aka fara ginawa da taimakon Tarayyar Sobiyet, bai kai ga ba da farantin da za a yi ƙofar mota ko ɗaya ba. Saboda haka rayuwar Kakuri ta rataya a kan abu biyu: arhar kuɗin waje da cinikin gwamnati.

Duka biyun suka kuɓuce kusan lokaci guda. Farashin fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, samun lasisin shigo da kaya ya zama aiki. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar musayar kuɗi a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira huɗu, ta kuma ci gaba da hawa. Kowane akwati da ya taso daga Faransa sai da ya ninka kuɗi, albashin malamin makaranta kuwa yana nan inda yake. Motar da babban ma'aikaci ke saya da bashin 'yan shekaru ta fi ƙarfin albashinsa na shekara goma. A wannan giɓi ne tsofaffin motocin Turai suka kwararo ta tashar Kwatano, suka bi ta iyakokinmu, aka kira su Beljiyam. Ba za mu zargi wanda ya saya ba. Da babu gara ba daɗi. Golf da Sharon da ke jigilar mutanenmu tsakanin Zariya, Hunkuyi, Makarfi da Ikara duk ta wannan ƙofa suka shigo.

Sauran labarin gajere ne. Gwamnati da kanta ta juya wa Fijo baya, manyanta suka koma motocin Japan da Jamus. Aka daina haɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, Nijeriya na cikin ƙasashen ƙarshe da suka yi ban-kwana da ita. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin ga 'yan kasuwa, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi, a 2020 ya sake sauya hannu. Michelin da Dunlop suka daina yin taya a ƙasar nan a 2007 da 2008. A Kakurin dai, masaƙun da ke sayen audugar ƙasar Zazzau su ma suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganinmu wannan rashi ya fi na Fijo yi mana ciwo, domin zaren masaƙa daga gonarmu yake fitowa.

Yana da kyau mu leƙa waje kaɗan. A shekarar da aka buɗe Kakuri, 1975, a ita ce kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya fito da Pony, motarsa ta farko. Shi ma da harhaɗa motocin Ford ya fara a 1968, kamar yadda muka fara da na Peugeot. Bambancin shi ne Koriya ta kunna tanderun ƙarfenta na Fohan a 1973, ta tilasta wa kamfanoninta su koyi yin sassa, sannan ta tura su su yi gogayya a kasuwannin waje. A nahiyarmu ma, Maroko ta jawo Renault zuwa Tanja a 2012 da Peugeot zuwa Kenitra a 2019, ta kewaye su da masu yin waya da kujeru da sauran sassa, har motocinta suka shiga kasuwannin Turai. Afirka ta Kudu kuwa ta toshe ƙofar shigo da tsofaffin motoci don sayarwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ta tsaya a kan roƙon jama'a su yi kishin ƙasa.

Masu cewa duniya ta zama kasuwa guda suna da gaskiyarsu. Toyota na haɗa motoci a Amurka, shi kansa Peugeot tun 2021 ya narke cikin rukunin Stellantis tare da Fiat da Chrysler. Tambarin da ke goshin mota ya daina faɗin inda aka yi ta. Amma wannan bai kashe tambayar ba, sauya mata fuska ya yi: a cikin kowace naira ɗari da muka biya, nawa ce ta kwana a ƙasar nan a matsayin albashi da kuɗin sassa, nawa ce ta koma dala ta fita? Tun da aka saki naira a 2023, dala ta haura naira dubu, kowa ya ji amsar a jikinsa, domin Beljiyam ɗin da ta kasance mafakar talaka ita ma ta zama ta masu hali. Motar da aka kawo a kammale aka ɗaura mata taya a Kaduna ko Legas ba ta bar mana komai ba sai suna. Wadda aka yi wa walda da fenti a nan, aka sa mata batir da gilashi da kujerun gida, ta bar wani abu ko da injinta baƙo ne.

An yi yunƙurin farfaɗowa. Innoson ya buɗe masana'antarsa a Nnewi a 2010. Gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin bunƙasa masana'antar motoci a 2013, ta tsawwala kuɗin fito a kan motocin da aka shigo da su a kammale, sai dokar kuɗi ta 2020 ta zo ta zaftare wani kaso mai yawa na wannan haraji. Mai zuba jari ba ya gini a kan dokar da ke sauyawa kamar iskar bazara. A 2022 sabuwar masana'antar Dangote da Peugeot, wadda gwamnatocin Kaduna da Kebbi ke da hannu a ciki, ta fara haɗa motoci a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. A 2023 kuma 'yan Majalisar Tarayya suka saya wa kansu manyan motocin waje, alhali masu haɗawa a gida na kukan rashin ciniki. Idan mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, da wane baki za a yi wa direban tasha wa'azi?

Mu dai ba mu da damar cewa abin bai shafe mu ba. Masana'antar sarrafa tumatur ta Ikara, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, ta shafe shekaru masu yawa a rufe, yayin da tumatirin gwangwani na ƙasar Sin ya cika kantuna, namu kuwa yana ruɓewa a kwando a hanyar Legas. Duk lokacin da muka nemi mutanen birni su fifita tumatirinmu da sukarin rakenmu a kan na waje, hujjar ma'aikacin Kakuri muke kafawa, ko mun sani ko ba mu sani ba. Saboda haka ɗan'uwan da Allah ya hore wa, musamman wanda ke zaune a kujerar da ake sayen motocin ma'aikata ko na kamfani da yawa a lokaci guda, ya dace ya tambayi masu haɗawa a gida tukuna, ya kuma tambaye su abin da aka yi a nan cikin motar, da inda za a samu kayan gyaranta idan ta lalace a Kudan.

Abin da har yanzu ba mu gani ba shi ne magajiyar akori-kura. Sababbin motocin da ake haɗawa na ofis ne da na manya, cike da na'urorin da sai an sa kwamfuta kafin a gane ciwonsu. Wanda ya je kasuwar Makarfi ranar Laraba ya dubi abin da ke ɗauko kaya daga ƙauyuka zai tarar da tsofaffin Kanta da J5 da suka ƙare aikinsu a wata ƙasa tun kafin su zo mana, sai baburan Indiya da na Sin da ake ɗaura wa buhu uku, sai kuma jefi-jefi wata tsohuwar Fijo mai shekara arba'in, an ɗaure ƙofarta da igiya, tana shigowa da rake.