Kwamfutar Kwaikwayo: Kula da Ita da Magance Matsalolinta

Kwamfutar kwaikwayo manhaja ce da ke aiki a cikin kwamfuta ta zahiri tamkar na'ura mai zaman kanta, ɗauke da nata tsarin, Windows ko Linux. VirtualBox na Oracle da Hyper-V na Microsoft suna cikin manhajojin da ke samar da ita. Masana na kiran ta baƙuwa, ainihin kwamfutar kuma mai masauki, kuma yawancin matsaloli daga rabon kayan aiki tsakaninsu suke tasowa.

Idan baƙuwar ta ƙi tashi, a fara duba BIOS a tabbatar an kunna Intel VT-x ko AMD-V. Idan komai ya yi nauyi, a duba rabon RAM, domin ba ta fiye da rabi yakan gurgunta mai masaukin. A VirtualBox, saka Guest Additions yana daidaita girman allo.

Kafin duk wani sabuntawa, a ɗauki hoton yanayinta da maɓallin Snapshot domin a iya komawa baya. Sai dai hoton ya dogara ne da asalin faifan: idan faifan ya lalace, tare za su salwanta. Don haka a riƙa kwafe muhimman bayanai zuwa wata ma'ajiya daban.