Kwarin Kubanni a Matsayin Ma'aunin Tsara Gari: Nazari kan Samaru da Sabon Garin Zariya

Wannan maƙala tana da'awar cewa zaizayar ƙasa da ambaliyar da ke addabar Samaru da Sabon Gari sun samo asali ne daga ma'aunin da ake yanke hukuncin gini da shi. Ana duba fuloti ɗaya-ɗaya, alhali ruwan sama gangare yake bi, bai san iyakar kowa ba. Garuruwan biyu asalinsu daban. Sabon Gari ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa wajen 1912, Samaru kuwa ta bunƙasa a gefen tashar binciken aikin gona da aka buɗe a 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne kogin Kubanni, wanda ke ratsa yankin kafin ya faɗa kogin Galma.

Madatsar Kubanni, wadda jami'ar ke shan ruwa daga gare ta tun shekarun 1970, ita ce hujja mafi kusa. Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba. A Samaru, duk gidan da aka rufa da kwano aka malale tsakar gidansa da siminti, ruwan da da ƙasa za ta shanye indararo ne ke watso shi lungu. Daga nan ya kwashi jar ƙasa da leda, ya ci gindin katangar maƙwabci, ya je ya sauke laka a madatsa. Mai zanen gida bai karya doka ba, ya dai cika sharuɗɗan hukumar tsara birane ta KASUPDA a kan filinsa. Masanin muhalli yana auna lakar bayan ta taru, mai tsara lambu da filaye kuma sai an gama gini ake kiransa ya dasa furanni.  Da za su zauna tun kafin a yanka filaye, da an fara ware fadama da hanyoyin ruwa, a bar maɗaci da darbejiya inda suke, sannan a ja layin tituna.

Za a ce manyan kwalbatoci sun wadatar. Kwalbati dai gaggauta ruwa yake yi, ya tura matsalar ga unguwar da ke gangare, kuma yashi na cike shi kafin damina ta raba. Sukar da ta fi nauyi ita ce, mafi yawan gidajen unguwannin Hayin Dogo ko Muciya ba su taɓa shiga ofishin mai zane ba. Dillalin fili da birkila ne suka yanke komai, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba zai bar taku goma na filinsa ga ciyawa ba. Wannan gaskiya ce, sai dai tana nuna inda ya kamata ƙwararrun su kai aikinsu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon filayen birni, don haka keɓe bakin rafi abu ne mai yiwuwa tun a matakin awon fili, muddin an biya diyya. A cikin gida kuma, barin wani sashe na tsakar gida ba siminti da haƙa ramin tsotse ruwa ba su kai kuɗin malalewar ba. Shawara ce da mai unguwa da ƙungiyar magina za su iya isarwa fiye da kowace takardar izini.