Baki Ɗaya, Zukata Daban: Abin da Hukuncin Brown Ya Ɓoye

Ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brown da Hukumar Ilimi ta Topeka, ta ce raba yara baƙaƙe da farare a makarantun gwamnati ya saɓa wa tsarin mulki. Alƙalai 9 duk bakinsu ya zo ɗaya. Wanda ya tsaya a lissafin ƙuri'a zai ɗauka babu wata gardama a tsakaninsu.

Amma da aka fara sauraron ƙarar a Disamba 1952, kan alƙalan a rabe yake. Wasunsu ba su shirya rushe hukuncin Plessy na 1896 da ya halatta wariya ba, sai aka ɗage shari'ar. A Satumba 1953 Alƙalin Alƙalai Fred Vinson ya rasu, Earl Warren ya gaje shi. Warren ya san jihohin Kudu za su fake da duk alƙalin da ya ware, don haka ya riƙa bin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Robert Jackson ya rubuta ra'ayinsa daban, amma bai fitar da shi ba. Stanley Reed, ɗan Kentucky, shi ne na ƙarshe da ya saduda.

Haɗa kan nan bai zo a banza ba. An taƙaita hukuncin, bai tuhumi Kudu ba, kuma bai faɗi yadda za a haɗa makarantun ba. Hukunci na biyu a 1955 ya miƙa aikin ga ƙananan kotuna, babu wa'adi. Bayan shekara 10 da Brown, baƙaƙen yaran Kudu da ke makaranta ɗaya da farare ba su kai kashi 2 cikin 100 ba.

Akwai kuma tambayar da aka binne: shin Brown ya hana hukuma duba launin fata gaba ɗaya ne, ko ya wajabta mata haɗa yaran? A 2007, a shari'ar makarantun Seattle da Louisville, kotun ta rabu 5 da 4, kowane ɓangare yana kafa hujja da Brown.

'Yan uwa marubuta, in kun ga an ce hukunci ya fito baki ɗaya, ku nemi tambayar da alƙalan suka ƙi amsawa. Galibi saɓanin yana can, kuma wasu ne za su ɗauki nauyinsa daga baya.