Wane ne ɗan ƙasa? Fagge da Sabon Gari bayan sauyin mulki

Sau biyu tuta ta sauya a kan mazauna yankin da yau ake kira ƙaramar hukumar Fagge, tun daga Kwaciri har Sabon Gari: a Fabrairun 1903 da sojojin Ingila suka ci Kano, da kuma ranar 1 ga Oktoba 1960. Hujjar wannan maƙala ita ce, kowane sauyi ya ƙara tsuke ƙofar zama ɗan gari, kuma mu da kanmu muka fi tsuke ta bayan tafiyar Bature.

A zamanin sarakuna Fagge zango ne na ayarin Buzaye da fataken Agadas da Damagaram. Baƙo ya samu mai masauki, ya biya abin da sarki ya aza, ya yi aure, jikansa ya tashi Bakano. Ta wannan hanya Agalawa, waɗanda asalinsu Azbin ne, suka zama manyan fataken goro na Kano. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka mai da ɗan Damagaram talakan wata daula. Su ma Kanawa ba su zama talakawan Sarkin Ingila ba a idon doka. Wannan matsayi na haifaffen Legas ne, Arewa kuwa ƙasar kariya ce. Sabon Gari, da aka yanka a 1913 domin mutanen Kudu da na Saliyo da Gwalkwas, bai shiga ƙarƙashin ikon Sarkin Kano ba sai 1940.

Tsarin mulkin 1960 ya ba duk wanda aka haifa a Najeriya, yake kuma ƙarƙashin Ingila, matsayin ɗan ƙasa, da sharaɗi ɗaya: a ce an haifi ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa a cikin ƙasar. Bayarabe da Ibo na Sabon Gari sun wayi gari 'yan ƙasa. Ɗan Kwarori da aka haifa a Fagge, wanda iyayensa da kakanninsa haihuwar Labanan ne, sai ya je ya yi rajista. Sharaɗin da tsauri, amma tambayarsa mai amsuwa ce: a ina aka haife su?

A 1979 aka sauya tambayar. Ga wanda aka haifa kafin 'yancin kai, dole ɗaya daga iyaye ko kakanni ya fito daga al'ummar da take 'yar asalin Najeriya, kuma haka sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya maimaita. Babu inda aka lissafa waɗannan al'ummomi. To Buzayen Fagge, da suka riga iyakar kanta zuwa, 'yan asali ne ko baƙi? Gwamnatin Shagari ta nuna haɗarin wannan giɓi a Janairun 1980, da ta tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa.

Za a iya cewa kowace ƙasa tana da ikon tantance nata, kuma haka ne. Sai dai a aikace tantancewar ta sauko hannun mai unguwa. Yaro mai neman gurbin jami'a ko aikin soja yana buƙatar takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, kuma kafin ya kai sakatariya sai mai unguwa da dagaci sun sa hannu. Tambayar farko ita ce, "Ɗan gidan wa ne kai?" Jikan Badamagare mai Hausa a baki da kabarin kaka a unguwa galibi yakan wuce, ko da harafin doka na iya yi masa gardama. Jikan Ibon da ya zo da jirgin ƙasa, wanda ba mai shakkar kasancewarsa ɗan Najeriya, shi akan tura garin kakansa ya karɓo takarda daga hakiman da ba su taɓa ganinsa ba.